Gem ɗin Tseren Mota da Haƙƙin Hanya

Wasannin tseren mota na na'ura, waɗanda matasa ke kira gem, sun kasu gida biyu. Kashi na farko yana kwaikwayon tuƙi na gaskiya: nauyin mota, cin taya, ƙarfin birki, har da santsin kwalta bayan ruwan sama. Gran Turismo, wanda kamfanin Sony ya fitar a Japan a 1997, shi ya fi shahara a wannan kashi. Kashi na biyu bai damu da gaskiyar tuƙi ba. Daɗin gudu nan take yake nema. Mota za ta sha kwana da gudun da ba a shan kwana da shi a duniya, ta daki bango ta dawo kan titi ba ko kwarzane, direba ya ƙara ba ta wuta. An haifi wannan salo a gidajen wasa, inda ake jefa tsaba a akwatin na'ura a yi minti biyu ko uku. Dole ne wasan ya kama zuciyar mai bugawa tun daga daƙiƙar farko, ya kuma ƙare da wuri ya bar shi da marmarin sake jefa wani kuɗin.

Kamfanoni biyu na Japan, Namco da Sega, su suka raini salon. Namco ya fitar da Pole Position a 1982. A 1986 Sega ya fitar da OutRun, aikin Yu Suzuki, inda jar Ferrari ke ratsa motocin jama'a a buɗaɗɗen titi. Ridge Racer na Namco ya fito a 1993, kuma da aka ƙaddamar da PlayStation ta farko a Disambar 1994 yana cikin wasannin da suka fito tare da ita. Daga nan tseren gidan wasa ya shiga ɗakunan mutane.

Reshen da ake kira tseren titi yana da tushe a rayuwa ta zahiri. A shekarun 1980 da 1990 akwai samarin Japan da ke fita cikin dare da motocin da suka yi wa ƙarin ƙarfi, wasu su yi tsere a manyan titunan Shuto na birnin Tokyo, musamman reshen Wangan da ke bin bakin teku, wasu kuma a karkatattun hanyoyin tsaunuka irin na lardin Gunma, inda suke sa mota ta sulale a karkace yayin shan kwana. Littattafan labari masu zane guda biyu suka ɗauki wannan rayuwa suka yaɗa ta: Wangan Midnight na Michiharu Kusunoki, daga 1990, da Initial D na Shuichi Shigeno, daga 1995 zuwa 2013. Jarumin Initial D yaro ne da ke kai wa mahaifinsa awara otal ɗin kan tsauni kowace asuba a tsohuwar Toyota AE86, da kofin ruwa a gabansa wanda aka hana shi bari ya zube. Duka labaran biyu an mayar da su gem. Wanda ya fi bayyana ruhin abin kuwa shi ne Tokyo Xtreme Racer na kamfanin Genki, da ya fito a na'urar Dreamcast a 1999, ya bi da wasu a PlayStation 2, aka kuma sake farfaɗo da shi a kwamfuta a 2025. A cikinsa mai wasa yana yawo a titin Tokyo cikin dare har ya hango abokin karawa, ya haska masa fitila, tsere ya fara nan take a tsakiyar motocin mutane. Ba layin ƙarshe. Kowane direba yana da ma'aunin ƙarfin zuciya a saman allo, wanda ke raguwa idan an bar shi a baya ko ya yi karo, kuma wanda nasa ya fara ƙarewa shi aka ci.

Samun irin waɗannan wasanni a na'urar gida ya daɗe yana ba masu sha'awarsu wahala. Initial D na PlayStation 2, na 2003, da na PlayStation 3, na 2008, ba a fitar da su a Turai da Amurka ba. Wangan Midnight Maximum Tune na Namco bai taɓa barin gidan wasa ya shiga na'urar gida ba. PlayStation 2 kuma tana da kulle na yanki, faifan Japan ba ya tashi a na'urar Turai. Abin da ya fi isowa ƙasar Hausa shi ne jikokin salon daga Yamma, irin su Need for Speed Underground na 2003 da Most Wanted na 2005, waɗanda suka ari motocin Japan da tseren titi, na biyun kuma ya ƙara da guje wa 'yan sanda. Na'urorin kansu galibi na hannu ne, suna biyowa ta kasuwar Alaba ta Legas zuwa shagunan kayan lantarki na Sabon Gari da titin Beirut a Kano, masu gyara su buɗe kullen su zuba wasanni da dama a filashi.

A gari irin Kademi, cikin ƙaramar hukumar Gaya a gabashin Kano, da maƙwabtansa na ƙasar Ajingi, na'urar da aka ƙera domin ɗakin mutum ɗaya ba kasafai take zama ta gida ɗaya ba. Kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidajen manoma, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Inda aka same ta, a shago ake samunta: talabijin, benci, janareta ko sola, yara da samari suna biya kowane zagaye, masu kallo sun fi masu bugawa yawa. Ƙwallon ƙafa ce sarauniyar irin wannan shago, faɗa da tseren mota suna biye. Wato abin da Japan ta fitar daga gidan wasa ta kai gida, talauci da rashin wuta sun mayar da shi gidan wasa. Wannan yana da nauyi a hukuncin addini, domin da shi kuɗi da taro da gasa suka dawo cikin lamarin.

Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Kano ya ci karo, tun a farkon littafin Ahalari, da ƙa'idar cewa baligi ba ya shiga wani aiki sai ya san hukuncin Allah a kansa. Tambayar da iyaye da malaman Islamiyya ke yi game da gem daga nan ta taso, kuma tambayoyi ne da dama a dunƙule: ko wasan kansa ya halatta, me kuɗi ke yi masa, me yake yi wa lokaci, sannan me tseren titi musamman yake koya wa mai yin sa.

Game da tsere kansa babu duhu. Buhari da Muslim da Muwaɗɗa sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya sukuwa a Madina, dawakan da aka horar suka tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil ɗaya. Ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Taguwarsa Adba'u, wadda ba a taɓa wucewa ba, wani baƙauye ya wuce ta a kan ɗan raƙuminsa, abin ya yi wa sahabbai zafi, shi kuwa ya nuna musu cewa duk abin duniya da ya ɗaukaka sai Allah ya sauke shi. Ƙasar Hausa ta gaji wannan a sukuwa da kilisa da hawan salla, har unguwa guda a Kano ta ci sunan Filin Sukuwa. Son wuce tsara ɗabi'a ce da addini ya tarar, ya yi mata iyaka bai kashe ta ba.

Sai dai gem ba doki ba ne. Ba ya ƙarfafa jiki, ba ya shirya kowa don kare gari. Ya fi kusa da wasannin zaune, kuma a nan malamai suka fi tsanantawa. Hadisai ingantattu sun hana nardu, wasan da ake jefa ƙwaya a bi abin da sa'a ta kawo. Imamu Malik ya ƙi shaɗaranji, wato chess, ya ce ba alheri a cikinsa, Risala ta Ibn Abi Zaid ta haɗa su biyun a hani, Muhtasar na Halil kuma ya sa dawwama a kan shaɗaranji cikin abubuwan da ke zubar da shaidar mutum a gaban alƙali. Imamu Shafi'i ya tsaya a karhanci muddin ba kuɗi, mabiyansa kuma suka fitar da ma'auni: wasan da ya dogara da sa'a ya bi nardu, wanda ya dogara da tunani da gwaninta ya bi shaɗaranji. Ko a cikin Malikiyya, Ibn Abdil Barr, malamin Andalus da ya rasu a 1071, ya taƙaita mazhabar da cewa wanda ya buga shaɗaranji jefi-jefi a cikin gidansa, ba caca, ba tallata kai, an yi masa rangwame. Akwai kuma hadisin da ya kira duk wani wasa ɓataccen abu in ban da harbi da horar da doki da wasan mutum da iyalinsa. Imamu Gazali ya fassara shi da cewa rashin amfani ake nufi, ba haramci ba, ya kafa hujja da Habashawan da suka yi wasan mashi a masallaci Annabi (SAW) yana kallo.

Idan aka auna gem ɗin tsere da waɗannan, ba ƙwayar sa'a a cikinsa, ido da hannu da sanin kwana ne ke ci. Ba nassin da ya ambace shi, kuma asalin al'adu halacci ne har sai dalili ya zo. Illolin da aka hana nardu da shaɗaranji dominsu, wato caca da gaba da shagala daga salla, su ne ayoyi na 90 da 91 na suratul Ma'ida suka lissafa, kuma abubuwa ne da ke iya shiga gem su kuma iya fita. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne wasan halal ne a kan kansa, hukuncinsa yana juyawa da abin da ya rataya a wuyansa. Wanda ya ɗauki ra'ayi mai tsanani ya kiyaye kansa da gidansa yana da magabata, amma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littattafansa na ƙarshe irin su Najmul Ikhwan, ya yi ta jan kunnen almajirai kada su tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani.

Kuɗi shi ne wuri na farko da hukuncin ke juyawa, kuma a nan shagon gem ya fi yawan zamewa ba tare da an lura ba. Biyan mai shago kuɗin zagaye haya ce, kamar hayar keke, ba laifi a ciki. Al'adar da ta zama ruwan dare kuwa ita ce wanda aka ci shi zai biya. Samari ba sa ganin wannan caca ce, don ba wanda ya zura kuɗin wani a aljihu. Amma kowannensu ya zauna ne bai san ko zai tashi ya biya na mutum biyu ko ya tashi bai biya ko sisi ba, kuma sakamakon wasa ne zai raba. Ma'anar caca ke nan a wurin malaman fiƙihu: kowane ɓangare yana tsakanin ci da hasara. Ƙanƙantar kuɗin ba ta canza sunan abin.

Fiƙihun tsere ya yi wa wannan batu filla-filla. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya keɓe sanya lada ga abubuwa uku: harbi, tseren dawaki, da tseren raƙuma. Muhtasar ya kawo babin tsere dab da babin jihadi, ya halatta sauran gasa idan kyauta ake yi ba lada. Ko a cikin ukun da aka yarda, Risala ta kawo matsayin Malik: mutum ɗaya ne zai fitar da ladan, in wani ya wuce shi ya ɗauka, in shi ya yi nasara ladan ya tafi ga wanda ke biye da shi, in kuwa su biyu ne kaɗai, 'yan kallo su ci. Duk wannan tsari an gina shi ne don kada a wayi gari mutum ya sa kuɗi yana fatan janyo na ɗan'uwansa. Idan an yi wannan taka-tsantsan a kan doki, wanda ke da amfanin yaƙi, to gem ya fi cancanta. Gyaran kuma mai sauƙi ne: a raba kuɗin zagaye biyu, ko ɗaya ya ce shi zai biya tun kafin a fara, ko a biya da lissafin lokaci. Batun ya ƙara muhimmanci a 'yan shekarun nan da cacar ƙwallo ta shiga wayoyin matasa, har Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca a 2024. Yaron da ya saba tun yana ɗan shekara goma cewa wasa ba ya daɗi sai da abin ci, an riga an share masa hanya.

Wuri na biyu shi ne lokaci. Imamu Shaɗibi, a Muwafaƙat, ya yi bayanin cewa abu yana iya zama halal in an dube shi sau ɗaya, ya zama abin ƙi in ya zama shi ne rayuwar mutum, ya ba da misali da yawon shaƙatawa a lambu da wasa da tattabaru. Wannan ya dace da gem ɗin salon gidan wasa fiye da kowane, tunda an ƙera shi ne musamman don a ce a ƙara ɗaya. Zagaye gajere ne, faɗuwa tana zuwa da kaɗan, maɓallin sakewa yana kusa. La'asar takan wuce a haka, magariba ta taras da mutum a benci. A Kademi da damina, awa biyu na saurayi a shago awa biyu ne da aka cire daga noma, da rani kuma daga makarantar dare ko koyon sana'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtukanta a 2019, da sharaɗin ya kai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, abin ya kuma daɗe yana yi masa lahani. Kaɗan ne ke kaiwa can. Addini kuma bai nemi a kashe hutu ba. Da sahabi Hanzala ya ji tsoron munafunci saboda yakan bar majalisin Annabi (SAW) ya koma wasa da iyali, amsar da ya samu ita ce kowane abu da sa'arsa. Abin lura ne cewa aya ta 20 ta suratul Hadid, wadda ta siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala da alfahari, aya ta 21 da ke biye mata umarni ce da a yi tsere zuwa gafara. Ba a zargi mai son wucewa gaba ba, an nuna masa inda ya fi cancanta ya kashe ƙarfinsa.

Sauran ƙananan batutuwa ba sa buƙatar dogon zance. Kiɗan da ke cikin wasan ana iya kashe shi, hotunan mata da wasu ke sakawa tsakanin zagaye ana iya tsallake su ko a guji wasan gaba ɗaya, mota kuma ba mai rai ba ce balle a shiga saɓanin sura. Kwafin wasanni ba da izinin masu su ba ya fi nauyi, domin Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ko da yake tsofaffin wasannin da kamfani ya daina sayarwa, ko bai taɓa kawowa wannan yanki ba, cutarwar kwafinsu ba ta kai ta sababbi ba.

Abin da ya keɓanta da tseren titi, wanda babu shi a gem ɗin ƙwallo, shi ne filin da ake yin sa. Tseren da Sunna ta sani yana da mafari da maƙura. Halil ya sa ayyana wurin tashi da wurin tsayawa da abin hawa cikin sharuɗɗan ingancinsa. Wuri ne da aka ware, waɗanda ke ciki sun shiga da yardarsu. Tseren titi ya rushe wannan duka. Filinsa hanyar jama'a ce, kuma a allo sauran masu bin hanya ba su da fuska ba su da suna, shingaye ne masu motsi da aka zuba don a gwada gwanintar mai wasa. Wasu wasannin ma lada suke bayarwa a kan haka. A jerin Burnout, na wani kamfanin Ingila, wucewa dab da jikin motar wani da bin hannun da ba naka ba su ne ke cika ma'aunin ƙarin gudu.

Musulunci ya ɗauki hanya a matsayin abu mai haƙƙi. Da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, an sharɗanta musu su ba ta haƙƙinta, kuma kame cuta yana cikin abin da aka lissafa. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. Wanda zai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau an umarce shi ya riƙe tsininsu kada ya yanki wani. Ranar saukowa daga Arfa, da Annabi (SAW) ya ji ana tsawa ana dukan raƙuma a bayansa, ya yi nuni da bulalarsa ya kira mutane zuwa natsuwa, ya sanar da su cewa gaggauta abin hawa ba shi ne aikin kirki ba. Fiƙihu ya mayar da wannan doka: Risala ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. A zamanta na Brunei a 1993, Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta ɗauko wannan asali ta ɗora a kan mota, ta ce bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, direba kuma yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo.

Ga mutumin Kademi wannan ba zancen littafi ba ne. Babban titin Kano zuwa Maiduguri ya bi ta Wudil da ƙasar Gaya, da tireloli da motocin haya da ke tseren lodi, ga masu babur ɗauke da buhuna da mata da yara, ga shanu ana kora wa kasuwar Wudil ta Juma'a. Dokar hanya ta Nijeriya ta tsayar da ƙaramar mota a kilomita 100 cikin awa a babban titin tagwaye, 50 a cikin gari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wasan babur da wasan mota a rakiyar ango ko ranar salla, a ɗaga ƙafar gaba, a juya mota ta tada ƙura a tsakiyar taro, sanannen abu ne a garuruwan Kano, kuma an sha binne mutane ta dalilinsa.

A nan gem ɗin ya haɗu da wata gurguwar fahimta da ta riga shi zuwa. A allo karo ba ya barin gawa, mota ta juya sau uku ta miƙe, in abin ya ɓaci a danna a sake. A bakin titi kuma, idan ganganci ya kashe mutum, sau da yawa abin da ake ji shi ne kwana ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na farko yana koya wa yaro cewa ba wanda ke mutuwa, na biyu yana koya masa cewa in an mutu ba wanda ya kashe. Duka biyun suna cire direba daga lissafi. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma Alƙur'anin da ya tabbatar da ajali shi ne kuma, a aya ta 92 ta suratun Nisa'i, ya ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, wadda in babu bawan 'yantawa azumin wata biyu ne a jere. Diyyar raƙuma ɗari ce ko dinari dubu. Wannan hukuncin wanda bai yi nufi ba ke nan, balle wanda ya san gudun wuce sa'a yake yi a cikin mutane. Da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna cewa kauce wa halaka shi ma cikin ƙaddarar yake. Taka birki ma haka.

Ko gem yana sa mutum tuƙin ganganci da gaske? Masanin halayyar ɗan Adam Peter Fischer da abokan aikinsa a Jamus sun wallafa gwaje-gwaje a 2007 da 2009 da suka nuna cewa waɗanda suka gama buga wasan tsere sun fi saurin ɗaukar kasada a gwajin tuƙi na kwamfuta, kuma tasirin ya fito ne a wasannin titi masu ba da lada kan karya doka, bai fito a na kewayen fili ba. Gwaji ne na ɗaki, na ɗan lokaci, ba ya nuna cewa duk mai bugawa zai zama mugun direba. Samarin ƙasar Hausa sun yi ganganci a kan doki da keke da babur tun kafin a san PlayStation, kuma mafi yawan masu gem ba su taɓa yin tsere a titi ba. Imamu Ƙarafi, a Furuƙ, ya raba hanyoyin ɓarna uku: wadda aka haɗu a toshe, kamar haƙa rijiya a kan hanyar mutane, wadda aka haɗu ba a toshewa, kamar noman inabi don tsoron giya, da wadda ake saɓani. Tsere a titin Gaya yana cikin ta farko ba tantama. Gem ɗinsa ya fi kusa da ta biyu ga baligi mai hankali, yana kuma matsowa ta uku ga yaron da zai ajiye abin bugawa ya hau babur ɗin yayansa ba lasisi ba hular kwano.

Saboda haka zaɓen wasa yana da ma'ana. Ridge Racer da Gran Turismo a rufaffen fili ake yin su, ba motar kowa a hanya sai ta abokan tsere. Ko Initial D, duk da a hanyar tsauni yake, gwanintar da yake yabo ta sarrafa mota ce, irin ta kofin ruwan da ba ya zubewa. Japan kanta ta bi wannan hanya a zahiri: a 2001 ta sa tuƙin ganganci mai jawo rauni ko mutuwa cikin manyan laifuka, a daidai lokacin da Keiichi Tsuchiya, wanda ya koyi sulale mota a hanyoyin tsauni, yake cikin waɗanda suka kafa gasar D1 Grand Prix suka mayar da abin cikin fili mai shinge da alƙalai. Uban da ya zauna ya ga abin da ɗansa ke bugawa, ya tambaye shi su wane ne a cikin motocin da yake gogewa, ya yi aikin da hani kawai ba zai yi ba.

Mai shago shi ma yana da kaso. Sana'arsa haya ce, kuɗinta halal ne matuƙar abin da ake yi da na'urar halal ne, kuma abin da ya sani yana shiga hukuncinsa. In ya san ana buga wanda aka ci ya biya ya yi shiru, ya taimaka a kan caca. In ya karɓi kuɗin yaro da kayan makaranta a jikinsa da hantsi, ko kuɗin da alamu suka nuna na aike ne, ya ci abin da ke da shubuha. Kashe janareta idan an kira salla, hana sa kuɗi, ware lokacin yara daban da na samari, da zaɓen wasannin da zai zuba a na'ura, duk suna hannunsa, kuma a gari irin Kademi, inda mai shago ya san mahaifin kusan kowane yaro da ke kan bencinsa, mai unguwa da limami suna iya zama da shi su daidaita waɗannan sharuɗɗa ba sai an jira Hisba ta zo ba.